Awa Uku da Zanen Mama

Ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu, wanda ya dawo da ni gabanku a kan ƙafafuna biyu. Ni ne Ishaya, ɗan Mama Rifkatu mai ƙosai a Sabon Garin Wudil. Ciwon da Ubangiji ya raba ni da shi babu maganinsa a asibiti. Raini ne.

Da aka ce za a yi gudun fanfalaki daga gadar Wudil zuwa Kano, kilomita arba'in da biyu, a ranar na ba da sunana. Ku ji irin shirin da na yi. Na ruga daga ƙofar gidanmu zuwa gada, kilomita ɗaya, minti huɗu. Na ɗauki biro na ninka sau arba'in da biyu, na ga ko awa uku ba ta cika ba. Shi ke nan, na gama atisaye!

Na yi shela a zumuntar matasa. Waɗancan na bencin baya, masu sunkuyar da kai yanzu, su suka riƙa yi mini kirari: "Sai kai, jirgin sama!" Mutanen da ko kaza ba su taɓa kamawa da gudu ba.

Maƙwabcinmu Baba Garba, maigadi a jami'a, ya kusa sittin. Shekara biyu ke nan kullum bayan sallar asuba yana sassarfa a hanyar Utai, burinsa ya gama tseren cikin awa biyar. Na taɓa ganin tunkiya mai ciki ta wuce shi. Ni na laƙaba masa Baba Kunkuru.

Ya ce, "Ishaya, zo mu riƙa fita tare. Hanyar Kano ba a cin ta a takarda."

Na ce, "Baba, in na biyo ka ai sai na yi furfura kafin Utai. In ka riga ni shiga Kano, ni kuma zan ɗaura zanen Mama in zo coci."

Mama na juya ƙosai, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Na ware maka mai ruwan ɗorawa."

Ranar tsere na fita kamar an saki kare a bayana. Masu miƙa ruwa a hanya, ko kallo ba su ishe ni ba. Wai ruwa na raggwaye ne! Da na wuce rabi kaɗan, ƙafafuna suka zama itace, idona ya yi duhu, na zube a bakin wata gonar dawa. Wata akuya ta dube ni, ta ci gaba da kiwonta. Har ita ta raina ni.

'Yan'uwa, nan wasa ya ƙare. Zuciyata na bugawa kamar za ta fasa ƙirji, harshena ya manne, na ji tsoron da ban taɓa ji ba. Na ce, "Yesu, na raina dattijo, na raina jikin da ka ba ni. Ka gafarta mini. Kada a kai wa Mama gawata."

Ban san daɗewar da na yi a kwance ba. Sai na ji taku, tap, tap, tap. Baba Garba ne!

Ya jiƙa mini kai da ruwan leda, ya ba ni dabino daga aljihunsa, ya murza mini ƙafafu. Na ce, "Baba, awa biyar ɗinka fa?" Ya ce, "Sha ruwa, ka yi mini shiru."

Muka ƙarasa tare, da tafiya da ɗingishi, awa shida da rabi. Burinsa na shekara biyu ya zubar saboda yaron da ke ce masa kunkuru. Amma a bakin layin ƙarshe sai ya ɗaga ƙafa ya riga ni da taku ɗaya, yana dariya.

Ga zanen nan a leda, na zo da shi. Da safen nan Baba ya tare ni a ƙofa ya ce, "Mayar wa uwarka kayanta. Gobe in na fito daga masallaci in same ka tsaye."

Na gode wa Yesu da ya ji addu'ar mai babban baki. Ku dogara gare shi, kada ku raina kowa. Ni na roƙi ceto, ya aiko mini da shi a kan ƙafafun da na fi yi wa dariya a duk Wudil. Haleluya!