Dilruba Apa da Matakalar Hawa na Huɗu

Da sunan Allah, wanda rai da ajali suke hannunsa.

Mai girma shugaban kwalejinmu, Farfesa Enayet Karim. Huzur, limamin masallacinmu. Khala, mahaifiyar marigayiya, da kika taso tun daga Bagerhat duk da ciwon ƙafa. Dulabhai Mostak, maigidanta. Mithila, 'yarta tilo. 'Yan uwana malamai. Ɗalibanmu na yau da na jiya, assalamu alaikum.

An ce ni zan yi magana saboda ni ne shugaban sashen kwamfuta. Da son raina aka bi, da wani aka ba.

Dilruba Yasmin, wadda babba da yaro a nan ke kira Dilruba Apa, wato Yaya Dilruba, ta kasance malamar 'yan shekarar farko. Darasin da kowannenmu ke zillewa ke nan. Mu mun fi son manyan ɗalibai da rubutun bincike. Yaran da suka shigo jiya, waɗanda wasunsu ko kunna kwamfuta sai an nuna musu, ita muka bar wa, shekara da shekaru, ba ta taɓa cewa a sauya ta ba.

Ta kasance mai koyarwa da abin da ido ke gani. Idan lokacin koyon tsara kilas a rubutun manhaja ya zo, ba ta farawa da allo. Sai ta kwashi yara zuwa bakin kogin Rupsha, inda jirage ke fito da mutane, ta ce: "Kilas mazubin bulo ne. Mazubi ɗaya, bulo dubu. To ku duba, nan wurin mazubi nawa kuke buƙata? Kowanne me ya sani, me kuma yake iya yi?" Yara su rubuta jirgi, matuƙi, fasinja, kaya. Wata shekara na bi su. Muna tsaye wani dattijo ya shiga jirgi yana jan akuya. Apa ta juya wajen Shuvro, wanda ya riga kowa gamawa yana hura hanci.

"Shuvro, akuyar nan fasinja ce ko kaya?"

"Kaya ce, Apa."

"Kayanka na da ƙafa? Ga ta can tana cin lemar wani."

"To fasinja ce."

"Sai ka je ka tambaye ta sunanta da inda za ta sauka, tunda ka rubuta kowane fasinja sai ya faɗa."

Shuvro ya yaga takardarsa ya sake sabo. Ga shi can a layi na uku, yau shi ke ɗaukar mutane aiki a Dhaka.

Ta kasance mai tsokana, amma ba ta wulaƙanci. Tahmid ya taɓa kawo mata aikin gwaji, ya cusa duk manhajar cikin kilas ɗaya, ya raɗa masa suna Komai. Shi ke sayar da tikiti, shi ke tuƙi, shi ke lissafin mai. Ta karanta, ta cire tabarau ta ce: "Babana, wannan bawan Allah yaushe yake cin abinci?" Ajin ya kwashe da dariya. Da kowa ya watse, ta aika aka sayo singara, samosar nan tamu, da shayi, ta zauna da shi suna rarraba abin gida-gida har aka kira la'asar. Tahmid ya gaya mini ranar ya zo ne da niyyar barin karatun.

Yanzu zan zo inda harshena ke nauyi.

Kun san ɗakin kwamfutarmu a hawa na huɗu yake, kun kuma san ginin nan ba shi da lif, na'urar hawa bene. A zaman sashe na farkon zangon nan, Apa ta ɗaga hannu, ita da ba ta cika magana a taro ba. Ta ce: "Sir, ba za a sauko da ɗakin kwamfuta ƙasa ba? Matakalar nan kamar ƙara tsawo take yi." Ɗaki ɗaya ne a ƙasa da zai ɗauki injinan, shi ne inda mu malamai muke shan shayi, mai sanyi, mai kallon lambu. Wani daga cikinmu ya ce: "Apa, ai motsa jiki ne kyauta, wasu kuɗi suke biya." Muka yi dariya. Ni ma na yi. Na ce za a duba bayan jarrabawa, muka wuce zuwa maganar bikin yaye ɗalibai. Ita ma ta yi murmushi ta sauke hannunta.

Mun gan ta tana tsayawa a kowane hawa, ta dafa bango, ta yi kamar waya take dubawa. Mun gan ta ta daina saukowa cin abincin rana, tana ci a sama ita kaɗai. Mun gani da idanunmu. Muka ce Apa ce, son aikinta ya yi yawa. Ba wanda ya hau ya tambaye ta.

Ranar Talatar da ta faɗi, tsakanin hawa na uku da na huɗu ne, takardun aikin yara a hannunta. Ɗalibai ne suka sauko da ita. Muna ƙasa muna shan shayi.

Ba ta sake tashi ba. Bayan jana'iza na je gidanta. Na ce wa Dulabhai: "Me ya sa ba ku gaya mana zuciyarta ba lafiya ba?" Bai ɗaga murya ba. Ya zuba mini ruwa, ya ce: "Bhai, ɗan'uwana, ita ta hana. Ta ce in kuka sani, ba ɗakin za ku sauko da shi ba, ita za ku sauko da ita. Ku ba ta ofis da fanka, ku karɓe yaran." Ta san mu. Abin da za mu yi ke nan, mu kuma kira shi tausayi.

Khala, kin ba mu 'yarki da ƙarfinta. Dulabhai, ka yi ta kawo ta ƙofar nan a keken rikisho kowace safiya, kana kallonta ta nufi matakalar, ka riƙe mata sirrinta. Mithila, kin girma a kujerar baya ta ɗakin kwamfutar kina jiran Ammu, mamarki, ta gama da 'ya'yan wasu. Ba mu ce mu muka yanke mata kwana ba, wannan na Allah ne. Amma abu ɗaya ta roƙe mu a duk zamanta da mu, kuma yana hannunmu, muka hana. Ba mu zo neman ku ce ba komai ba. Akwai komai. In kun iya yafe mana wata rana, mun gode. In ba yanzu ba, ba mu da bakin ƙorafi.

Satin da ya wuce an sauko da ɗakin kwamfuta. Tsofaffin ɗalibanta ne suka zo suka yi dakon injinan, ba su bari ko ɗaya daga cikinmu ya taɓa ba. Sun fara da safe. Kafin azahar an gama.

Muna godiya ga duk wanda ya bar aikinsa ya zo, da waɗanda suka biyo cikin ruwan saman nan daga nesa.

Ya Allah, baiwarka Dilruba ta zo gare ka a gajiye. Ka hutar da ita. Ka yalwata mata kabarinta, ka haskaka shi, ka sa duk abin da ta koyar ya riƙa kai mata lada. Ka sanyaya zuciyar mahaifiyarta da mijinta da 'yarta. Mu kuma da muka gani muka kau da kai, ka gafarta mana, kada ka bar mu mu manta. Amin.