Faranti Uku Kafin Ƙarfe Goma

A shagon kayan zaƙin da ake kira kunafa a birnin Irbid, ranar fitar sakamakon jarrabawar gama sakandare, Ummu Laith ta ga mutumin gabanta ya karɓi manyan faranti uku.

"Ɗan'uwa, sai ƙarfe goma za a sanar fa. Har ka fara biki?"

"Hajiya, 'yata Rahaf ce. Sunanta ba ya sauka daga allon yabo na makarantarsu."

"Haka ɗana yake bara, ƙarshe ya faɗi, sai ɓoye farantin muka yi. Bana ya sake rubuta jarrabawar, ban gayyaci kowa ba."

"Haba Hajiya! In yaro ya faɗi, ai ranar ya fi buƙatar ganin mutane."

Ta dubi mai shagon.

"Ba ni babban nan."