Mutum Taran da Malam Labbo Ya Bari

(Jawabin Zuhura Hafizu, ɗalibar marigayi Malam Labbo Maccido, a taron tunawa da shi wanda ƙungiyar masu jinyar damuwa ta shiyyarmu ta shirya a Ƙauran Namoda, kwana arba'in bayan rasuwarsa.)

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Wakilan iyayenmu sarakunan Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, Allah ya ƙara muku lafiya. Malamanmu limamai, Allah ya gafarta muku. Shugaban ƙungiyarmu Dakta Misbahu da 'yan kwamitinsa da sunka cika layin gaba, ranku ya daɗe. Inna Mubaraka mai ɗakin marigayi, da 'ya'yansa Bilyaminu da Zulaihat da sauran dangi. Sai ku jama'ar da ke tsaye can baya cikin rana, waɗanda ba a aika wa kati ba amma kunka zo. Assalamu alaikum.

An ba ni minti goma, an kuma roƙe ni in tsaya kan alherin mamaci. Zan tsaya. Sai dai alherin Malam Labbo ba ya faɗuwa sai an ambaci waɗanda sunka tsaya masa a hanya, wannan kuwa ba laifina ba ne.

Ya kasance ma'aikacin jinya a sashen masu taɓin hankali shekara goma sha tara, yana raba ƙwaya yana yin allura. Da fitinar daji ta yi ƙamari, sai anka fara kawo masa mutanen da ba hauka ke damunsu ba: manomin da ya dawo daga hannun 'yan bindiga ya kasa barci, uwar da ke zabura in ta ji ƙarar babur. A ba su ƙwaya su yi barci, su farka da abinsu. Sai ya koma makaranta da furfurarsa, ya koyo jinyar da ake yi da zama da saurare. Da ya dawo, abokan aikinsa sunka raɗa masa suna Likitan Hira. Wasu daga cikin masu raɗin sunan suna nan zaune, na ga har da mai goge ido da hankici.

Ya kasance mai gajeriyar kujera. Ranar da anka ba shi ofis, kujerar ya fara ɗauka ya kai wa kafinta ya rage mata ƙafa, don kada ya fi mai zama kan benci tsawo. Mun yi dariya. Yau da na ga kujerun da anka ɗauko haya don layin gaba, na gane abin da yake gudu.

Ya kasance mai doka ɗaya da ba ya sassautawa: kada ɗalibinsa ya ce wa mai damuwa "yi haƙuri" kafin mutumin ya gama maganarsa. Ni na fara yi masa gardama, na ce ai addini ne. Ya ce mini, "Zuhura, haƙuri gaskiya na, Allah ya yi umurni da shi. Amma mutum shi ka isa gare shi da ƙafarsa. In kin riga shi faɗi, baki kinka rufe mishi."

Akwai wani bawan Allah daga Katuru. Ba zan faɗi sunansa ba, amma ya yarje mini in ba da labarinsa. Kwana saba'in ya yi a daji a hannun 'yan bindiga. Da ya dawo gari ya cika gidansa da barka, kowa ya ce ya yi haƙuri ya gode wa Allah. Ya gode, sannan ya daina magana, ya daina zuwa gona. Malam ya zauna da shi mako uku, bayan gaisuwa ba ya ƙara komai, sai faifan gyaɗa da yake ajiyewa tsakaninsu suna ɓarewa. Ina gefe ina koyo, raina na cewa wannan ɓata lokaci ne. A mako na huɗu mutumin ya ajiye gyaɗar ya ce, "Malam, ni sunka sa in gina ramin ƙanena da hannuna." Wata biyar yana ɗauke da wannan magana, ba wanda ya yi shirun da zai ishe shi ya faɗe ta. Bana ya noma gero, yana kuma nan cikin waɗanda ke tsaye a rana.

Ya kasance mai bincike, ko da yake kwamiti bai yarda ba. An taɓa aiko mana da takardar tambayoyi da anka fassara daga waje. Munka je Gurbin Bore da ita, munka tambayi wani dattijo ko ya daina jin daɗin wasannin da yake yi lokacin hutu. Ya dube mu ya ce, "Wane hutu?" Daga ranar Malam ya fara rubuta yadda mutanenmu ke kiran ciwonsu da bakinsu: ƙirjina ya ɗaure, gabana na faɗuwa, kaina ba nawa ba ne. Shekara shida yana tarawa, mutum ɗari huɗu, da izininsu, babu sunan kowa. Ya miƙa wa kwamiti. Kunka dawo masa da shi da jan biro, wai bai ambaci manyan masana na ƙasashen waje ba. Ranku ya daɗe, ku da kunka san manyan masana, kuna zuwa taron otal ku dawo da jaka mai tambari da takardar shaidar halarta, har bangon ofishinku ya cika. Ku faɗa mana mutum nawa kunka taɓa zama da shi awa guda ba ku duba waya ba. Ina jin kunyarku, ina kuma jin haushinku, ba zan ɓoye ba.

Ya kasance mai tsoron aikin ya mutu tare da shi, shi ya sa ya ɗauki ɗalibai. Mu tara ne: huɗu a Ƙaura, uku a Shinkafi, biyu a Zurmi. Akwai ma'aikatan jinya, akwai ungozoma, akwai malamin makaranta. Shekara biyu, Litinin yana Shinkafi, Laraba yana Zurmi, a kan babur ɗin nan nasa da kowa ya sani, kan hanyar da masu mota ke tsoro. Alhamis mu taru a Ƙaura, kowa ya faɗi inda ya yi kuskure da wanda yake saurare, ya gyara mana ba tare da ya kunyata kowa ba. Mun gama tun bara. Abin da ya rage shi ne shugaban ƙungiya ya sa hannu a fayil ɗinmu, a ba mu shaidar ci gaba da aiki.

Sau goma sha ɗaya Malam ya kai fayil ɗin nan ofishin Dakta Misbahu. Na raka shi sau huɗu. Kullum amsar ɗaya ce: "A yi haƙuri, Malam, kwamiti bai zauna ba." Sai Malam ya yi murmushi ya ɗauki fayil ɗinsa ya fito. Ashe kwamiti na iya zama. Kwana goma sha biyu bayan mun rufe shi kunka zauna, kunka yanke abu biyu. Na farko, a yi allon tagulla da sunansa, wanda ga shi can an lulluɓe da farin ƙyalle ana jira a buɗe a yi hoto. Na biyu, wasiƙa gare mu: tun da malaminmu ya rasu ba a sa hannu ba, daga ƙarshen watan nan mu daina ganin kowa, mu sake horo daga farko. A hannun wa, wasiƙar ba ta faɗa ba.

Ƙarshen wata Juma'ar nan ce. Mutum sittin da ɗaya ke zuwa wurinmu yanzu. Mutumin Katuru yana zama da Faruku, ɗayanmu na Shinkafi, kuma bai gama maganarsa ba. Ranar Litinin idan ya zo ya tarar da ƙofa a rufe, sai dai mu nuna masa allon tagulla.

Inna Mubaraka, kwana arba'in ana ce miki ki yi haƙuri. Ni ba zan ce ba, mijinki ya hana ni. Ke kika san fargabar kowace Laraba har ki ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida, ke kika ba mu aron mijinki. Jibi zan zo da gyaɗa in zauna, in kin so ki yi magana, in ba ki so ba mu ɓare gyaɗa. Bilyaminu, Zulaihat, kun ji an kira babanku Likitan Hira. Ku waiga baya ku ga waɗanda hirar ta tayar.

Muna gode wa duk wanda ya taho. Muna gode wa masu babur na Kasuwar Daji da sunka yi ta ɗauko mutane tun safe. Allah ya jiƙan Malam Labbo Maccido, ya haskaka kabarinsa, ya saurare shi da rahama kamar yadda ya saurari bayinsa. Allah ya dafa wa iyalinsa, ya kawo mana ƙarshen fitinar nan, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Dakta Misbahu, ranka ya daɗe, ga fayil ɗin na ajiye gabanka, zuwa na goma sha biyu ke nan. Ga kuma biron Malam, Inna ce ta ba ni. Kwamitinka duka na nan zaune, babu wanda ya rage. Mu tara za mu zauna nan gaban allon nan, ba za mu ƙara cewa komai ba. Kada ka yi gaggawa saboda mu. Wanda ya koya mana aiki ya yi mako uku yana jiran magana ɗaya.