Agogon Tsohon Matuƙin Jirgi

Ina shagon gyara, ina jiran agogon 'yata, wani magidanci ya miƙa tsohon agogo. Daga yadda dattijon mai gyara ya kara shi a kunne, na san zancen ba zai yi daɗi ba.

"Na matuƙan jiragen soja ne," in ji dattijon. "Irinsa nake tarawa. Na waye?"

"Na mahaifina. Shekara talatin yana hannunsa. Da ya yi ritaya ya ba ni, ya ce in riƙa murɗa shi kowace safiya. Jiya ya tsaya."

"Jiya? Ɗana, man cikinsa ya bushe ƙamas. Wannan ya yi shekara goma a akwati."

Mutumin ya sunkuyar da kai. "Duk sanda Baba ya kira sai ya tambaya, in ce kullum yana hannuna. Gobe zai zo. Idanunsa sun tafi, a kunne zai kara."

"Tashinsa ba wuya. Amma dubi madaurin, huda ɗaya ce ta buɗe, ta hannun mahaifinka, babu ta hannunka. Da yatsa zai gane."

"To, a sauya madaurin."

"Madaurin da ya ɗaura shekara talatin?"

Na karɓi nawa na fita. Har yanzu ban sani ba, madaurin ya sauya ko gaskiya ya faɗa wa mahaifinsa.