Ban Sa wa Kabul Ko Ɗaya Suna Ba

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ba a ɓoye masa komai. Salamarsa ta kasance tare da ku.

Ga baƙinmu da ba su san ni ba, sunana Iliya, mutumin ƙasar Maradi, mijin Rifkatu mai kaɗa tulu a zumuntar mata. Ina roƙonku kada ku yi saurin cewa amin yau. Wata biyar da suka wuce na tsaya a nan, cikin wannan ɗakin sujada namu na unguwar Nkembo, na ba da shaida kuka tafa mini, har wata ta yi guɗa. Ƙarya na yi muku. Yau na zo in faɗi gaskiyar.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aiki a wani kamfani mai shigo da kayan abinci. Aikina rezo ne, wato haɗa kwamfutocin kamfanin su riƙa magana da juna: na babban biro, wato ofis, na ɗakunan sanyi da ke bakin tashar jirgin ruwa, na reshen Port-Gentil da na Franceville. Lokacin da na shiga wurin, kwamfuta shida ce da firinta ɗaya mai cin takarda. Da hannuna na ja kowane kabul, wato wayar da ke haɗa su. Na hau rufi, na shiga ƙarƙashin tebura, na sha ƙura da gumi har abin ya zama abin da ya zama.

Ran nan sai aka tara mu aka ce an naɗa mana shef, wato shugaban sashe. Wa kuke tsammani? Abdu! Abdu da na sani yana auna shinkafa a shagon mahaifinsa a Nombakélé. A nan aka haife shi, a nan ya yi karatu, Faransanci a bakinsa kamar ruwa, ga shi kuma ya dawo da takardar shaidar ƙwarewa kan tsara manyan rezo, irin wadda duniya ta yarda da ita. Ni ba ni da ita. Patron, mai kamfanin, ya dafa kafaɗata ya ce, "Iliya, hannunka yana da kyau, amma kamfani ya girma, yanzu takarda ake tambaya."

Takarda! Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Na fito daga taron nan kunnuwana suna zafi, ban ko ga hanya sosai ba.

Abdu bai yi mini komai ba, in faɗa tsakani da Allah. Yaya Iliya yake kirana. Shi ne ma ya je ya matsa wa kamfani suka sa ni cikin horon neman wannan takarda, kowace Asabar har wata shida. Amma ni a lokacin ko ladabinsa zagi nake jin sa. In ya ce "Yaya", sai in ji kamar yana tuna mini cewa na girme shi kuma yana samana.

To ga muguntar da na ƙulla. A aikinmu akwai ƙa'ida: kowane kabul ana manna masa suna a kai biyu, daga ina ya fito, ina za shi. Kowace na'ura tana da takardar da ke bayanin yadda aka saita ta. Akwai kuma taswirar rezo gaba ɗaya, domin in ba ka nan wani ya iya dubawa. Ni da can lalaci ya hana ni yi. Daga ranar da aka naɗa Abdu kuwa, da gangan na ƙi. 'Yan sunayen da ke jiki ma na bi na ɓamɓare su. Taswirar tana cikin kaina, kuma na yi niyyar a can za ta zauna. Abdu ya tambaye ni ya fi sau goma.

"Yaya Iliya, don Allah taswirar nan fa?"

"Tana zuwa, shef. Ai kai mai diflom ne, ko ba ka iya karanta kabul da ido?"

Sai ya yi murmushi ya wuce. Ni kuwa daɗi nake ji. Ina cewa a raina, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

A wurin horon, wata mata ce 'yar Douala take koyar da mu, Madam kawai muke ce mata. Ba ta da wasa. Ta koya mana yadda ake raba babban rezo hawa-hawa, da yadda ake yi wa kowace hanya mataimakiya, don in ɗaya ta yanke, saƙo ya bi ta biyu. Yawancin abin na san shi a hannu, sunayensa na Turanci ne kawai ban sani ba. Da ta ba mu aikin tsara rezon kamfani mai rassa huɗu, na zana nawa cikin kwana biyu, na miƙa ina hura hanci.

Ta dawo mini da shi da jan biro. Ba ta ba ni maki ko ɗaya ba. A gaban aji ta ce, "Tsarinka ya fi na kowa kyau, amma babu suna, babu bayani. In taksi ya buge ka gobe, wa zai riƙe wannan? Abin da mai shi kaɗai ke iya karantawa ba tsari ba ne, tarko ne."

Kai! Da ƙyar na haɗiye abin da ya zo bakina. Duk hanyar gida cikin taksi ina zage-zage a zuci, har wanda muka matse a kujerar gaba da shi ya tambaye ni ko lafiya.

Asabar ta gaba abin ya faru. Muna cikin aji da hantsi sai salulata ta fara rawa a aljihu. Na duba, Malam Hamadu ne. Malam Hamadu dattijo ne daga Garoua, mai gyaran lantarki na kamfaninmu, mutum mai iyali, wanda kullum in ya sayo goro sai ya ɓara ya miƙo mini. Ya kira sau uku. Sai ya turo saƙon murya. Na fita baranda na saurara.

"Iliya, na'urar sanyin ɗakin injina tana zubar da ruwa kan soket. Dole in cire fulogi ɗaya yanzu kafin wuta ta tashi. Duk baƙaƙe ne, ba suna. Wanne ne ba na taɓawa? Don Allah ka kira ni."

'Yan'uwa, na san amsar. Kalma huɗu ce: na biyu daga hagu. Na kalli salular nan, na mayar da ita aljihu, na koma aji na zauna. Ba mantuwa ba ce, ba rashin rezon waya ba ne. So nake su ɗanɗana rana ɗaya ba Iliya.

Ya jira, ruwa yana ɗiga, ya ga ba makawa ya cire wanda ya fi kusa da ruwan. Na biyu daga hagu. Babbar na'urar da kowa ke rataye da ita ta mutu, kuma da aka mayar da wuta ba ta tashi daidai ba, domin saitinta ban ajiye shi inda wani zai gani ba. Ɗakunan sanyi suka kasa fitar da takardar kaya. Manyan motoci suka yi layi cikin rana da kaji da kifi a ciki. Abdu ya yi ta fama, amma yaya za ka gyara abin da ba ka san inda ya nufa ba?

Sai da aka tashi daga aji, bayan la'asar, na taka a hankali na isa. Cikin rabin awa komai ya dawo. Patron ya rungume ni. Ranar Litinin aka dakatar da Malam Hamadu, aka ce ya taɓa abin da ba aikinsa ba, za a zauna a kansa a ƙarshen wata, kuma kowa ya san zaman kora ne. Da aka tambaye shi, cewa ya yi ya kira ni ban samu ɗauka ba, ƙila ina cikin karatu. Shi yake nema mini uzuri!

Ni kuma tun ranar Lahadi na riga na zo nan na ce muku Allah ya ɗaukaka ni a gaban maƙiyana. Kuka tafa. Ina jin haushin wannan ranar har yanzu. Na ɗauki sunan Ubangiji na lulluɓe ƙazantata da shi.

Rifkatu ce ta kama ni. Tana neman lambar wata a salulata sai yatsarta ta taɓa saƙon, muryar dattijon ta cika ɗaki. Ta saurara har ƙarshe. Ta dube ni.

"Baban Hannatu, ka ji wannan a ranar?"

"Ina cikin aji."

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan. Ga alama nan an buɗe shi tun da hantsi."

Na daka mata tsawa. Na ce mata ba ta san wulaƙancin da na sha ba, shekara goma sha ɗaya aka ɗauko ɗan mai shago aka ɗora a kaina. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "To Abdu ne ya ci kujerar, patron ne ya ba shi. Malam Hamadu me ya ci? Ka haƙa rami don wasu, tsoho ya faɗa, kana tsaye a baki kana waƙar yabo. Ni dai ba zan ƙara zama kusa da kai a sujada ba sai ka gyara."

Kuma ta cika. Wasunku sun lura Lahadi biyu tana zaune can baya, kuka ɗauka ciwon kai ne.

Kwana uku kafin zaman da za a yi kan Malam Hamadu, da tsakar rana, na shiga ɗakin injina na rufe ƙofa. Ba addu'ar tuba na shiga yi ba, faɗa na shiga yi da Allah. Na ce, "Ubangiji, ina adalcinka? Ina kake lokacin da aka tsallake ni? In na faɗi gaskiya ni za a kora, 'ya'yana su ci me? Su ne suka fara!" Na yi ta ɗaga murya, ƙarar injina tana rufe ni. Da na gaji, sai idona ya sauka kan soket ɗin nan. Malam Hamadu ya naɗe shi da leda ya ɗaure da kyau kafin ya tafi, don kada ruwa ya sake taɓa na'urorina. Mutumin da na yasar, aikina yake karewa.

Na durƙusa a kan tayil mai sanyi na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Abin da na iya faɗa kawai shi ne, "Yesu, ka cire mini wannan wutar, ta cinye ni." Ban ga haske ba, ban ji murya ba. Amma da na tashi, tsoron kora ya ragu, kuma na san abin da zan yi.

Na je biron Abdu na kunna masa saƙon. Na gaya masa komai, har ɓamɓare sunayen. Sannan ya ce, "Yaya Iliya, da ni ka yi wa, da na haƙura. Tashi mu je wurin patron, da bakinka za ka faɗa."

An dakatar da ni wata ɗaya, an sa mini takardar gargaɗi a dosiyena, wato fayil ɗina na aiki, kuma na san ba don Abdu ya tsaya mini ba da kora ce. An mayar da Malam Hamadu bakin aikinsa. A cikin watan nan na zauna a gida na zana taswirar gaba ɗaya, shafi bayan shafi, duk abin da na ɓoye a kaina na zube shi a takarda. Da na koma na bi kowane kabul na manna masa suna a kai biyu. Jarrabawar ma na zauna, na ci, takardar tana gida. Ban zo da ita ba, don ba ita ce shaidar ba.

Kada ku ɗauka na zama mala'ika. Har gobe ina ganin ba a kyauta mini ba, kuma in na tuna sai zuciyata ta motsa. Bambancin shi ne yanzu in ta motsa gaban Ubangiji nake kai ta, ba na neman wanda zan ɗora wa.

Na je har gidan Malam Hamadu a unguwar Sotega neman gafara. A bakin ƙofa ya tsayar da ni. Ya ce, "Sati uku matata tana jin maƙwabta suna cewa na lalata kayan mutane. Ni na ce musu ɗana Iliya karatu ya riƙe shi. Je ka, na ji." Ya shige ciki.

Tun daga nan kullum da safe ina gaishe shi, yana ɗaga hannu kawai. Goro kuwa ya daina. Juma'ar da ta wuce muka haɗu a ɗakin injina, ya nuna wani kabul ba tare da ya dube ni ba.

"Wannan ina za shi?"

Na ce, "Reshen Franceville, Baba. Ai ga shi a rubuce a jiki."

Ya ce, "Na gani. So nake in ji ko bakinka da takardar sun zama ɗaya."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da ya yi mini a wata huɗu, kuma ban cancanci fiye da haka ba.

Na gode wa Yesu da ya tone ni tun dattijon nan bai rasa abincin iyalinsa ba. Na gode masa da ya ba ni matar da ba ta tsoron tsawata. In akwai wani a nan da aka zalunta, ban ce ba a zalunce ka ba. Amma ka kai fushin wurin Ubangiji tun yau, ka dogara gare shi, shi yana iya ɗauka. In ka riƙe shi, wanda bai ci ba bai sha ba ne zai biya. Ku yi wa Malam Hamadu addu'a, ku yi mini, don gobe Litinin zan sake gaishe shi.

Yabo ga sunan Yesu. Yanzu kuna iya cewa amin.