Kitse a Jinin Tsohon Basirka

A tashar Birnin Kudu, muna jiran motar Gwaram ta cika, wata dattijuwa ta miƙa wa tsohon da ke gefenta ƙosai.

"Bismilla, Malam."

"Na gode, Hajiya, an hana ni. Daga asibiti nake. Sun ce kitse ya yi yawa a jinina, ga hawan jini."

"Kai da kake kamar kara? Ina kitsen yake?"

"Haka na ce wa likitan. Ya ce ba a ido ake ganinsa ba, hanyoyin jini yake toshewa har zuciya ta gaji. Wai in bar soye-soye, in rage gishiri."

"To, sai mutanen gida su gyara maka girki."

Tsohon ya girgiza kai.

"Mai ɗakina ta rasu bara, yara kuma suna Kano. A bakin titi nake ci, wajen mai ƙosai da mai tsire."

"Allah ya jiƙanta. Ai ko wake da zogale ka iya dafawa."

"Na iya. Amma a can ne ake ce min, 'Malam, ka fito?' In na dafa a gida, ni da bango za mu ci."

"Nawa maigidan a gona ya faɗi, ba a taɓa auna shi ba. Har yau tuwon mutum biyu nake tuƙawa, hannuna ya ƙi sabawa."

"Allah ya gafarta masa. Ina kika nufa?"

"Yalwan Damai."

"Ni Basirka," ya ce. Kwandasta ya kira, ya miƙe a hankali ya shiga mota.