A Bar Mini Allurar

A bencin jiran likita, wata ɗaliba tana bitar tambayoyin jarrabawa a bayyane, wani dattijo yana saurare.

"Maimaita wannan, 'yata."

"An ce, Baba, yawancin waɗanda aka yi wa wata allura sun rasu, don haka ita ta kashe su. Ana so mu raunana wannan hujja."

"Ba ta raunanuwa. Da safe aka yi wa matata allura, kafin la'asar ta cika."

"Allah ya jiƙanta. Amma amsar a nan ita ce, sai wanda ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa ake yi wa allurar. Ciwon ne ya yi kisan."

"Wato an makara kawo su ke nan."

"Mai yiwuwa. Ta daɗe tana jinya a gida ne?"

Dattijon ya jima yana murza hularsa.

"Ta yi ta cewa in kawo ta, ina cewa bari dai mu ga gobe. Ke dai ci jarrabawarki, 'yata, ki bar mini allurar nan. In kin wanke ta, wa ya rage?"